Roba ta Biyu

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Awa uku a kan bencin asibiti, ƙarshenta a ce min sakamako bai cika ba. Ni Sakinatu, shekara ashirin da ɗaya ina aikin gwamnati, ba a taɓa kawo min rabin rahoto na sa masa hannu ba. Yau ga ni an miƙo min rabin rahoto, kuma a kan jikina.

Bari in rubuta abin a jere, tunda kaina ya daina riƙe magana. Ranar Juma'a huɗu ga wata Dakta Nabiha ta yi min aiki a nonon hagu, ta cire ƙari mai girman goro. Yau na koma karɓar sakamakon gwaji. Ƙarin dai shi ne abin da ake tsoro. Sunansa ba zai shiga littafin nan ba. Na ji shi a gidanmu shekara tara da suka wuce, ya ishe ni.

Ba wannan ne ya tayar min da hankali ba, don tun ranar da na shafa na ji shi na san abin da na taɓa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ta juya takardar gaba da baya, ta cire tabarau, ta ce, "Hajiya, roba biyu na bayar. Ɗaya ce ta isa lab."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Ta farko ƙarin ne. Da na cire shi ban yarda da gefensa ba, sai na ƙara yanko naman da ke kewaye da shi na zuba a roba ta biyu. Wannan naman shi zai gaya mana ko mun kwashe duka, ko akwai saura a jikinki. Ga shi kuma masu gwaji sun ce ciwon ya kai har bakin inda na fara yanka."

A asibitin nan ɗan'uwan mara lafiya ake miƙa wa abin da aka cire, ya kai lab, wato ɗakin gwaji, da ƙafarsa. Mijina Falalu aka miƙa wa. Yana zaune a gefena yana kallon silin kamar an ce masa amsar tana can.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Ko shayi ban bari ya sha ba.

Ya ce, "Leda ɗaya aka ba ni, Sakina, a ƙulle. Na je lab na tarar an tafi masallaci, aka ce sun tashi ke nan. Nas ta ce in ajiye a gida inda ba rana, kada a buɗe, in kawo Litinin. Na ɗora a saman durowar ɗakin baƙi. Litinin na ɗauka na kai."

"Ka duba ciki?"

"Me zan duba? Ni ko kallon ledar ba na iya yi."

Mutumin da in zai sayi kankana sai ya ƙwanƙwasa goma kafin ya zaɓi ɗaya! Na faɗa masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, kofin yana nan da tiririnsa.

Laraba, 23 ga Yuli, la'asar

Na je lab ɗin da kaina. Wani mai farar riga ya buɗe min littafinsu, ga sunana, ga "roba ɗaya", ga sa hannun Falalu a ƙasa. Na ce ƙarya ne, sun ɓatar sun rufe. Na ce ni na san yadda ake ɓatar da abu a ofis, ba yau na fara gani ba. Na nemi shugabansu, aka ce yana taro. Kullum shugaba yana taro.

Mutumin ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

Wannan kalma ita ce za ta kashe ni kafin ciwon. Falalu haƙuri, direba haƙuri, mai gadin asibiti ma da ya ga fuskata haƙuri. Ni roba nake nema, ba haƙuri ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, hantsi

An yi ruwa da asuba. Ɗinkin yana ƙaiƙayi. Ba labari.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Umma ta kawo min farfesun kaza har gado. Tun ana gobe aiki ta baro gidanta na Tudun Wada ta tare a nan don jinya, kuma gidan ya koma nata. Ta hana mai girkinmu taɓa tukunyata, ta hana ni ɗaga ko buta. Shekararta saba'in da huɗu, amma in na yi motsi a ɗaki sai in ji takunta a bakin ƙofa.

Na zazzage mata duk haushin asibitin nan. Na ce sai na kai su ƙara, sai na ga wanda ya yi wasa da naman jikina. Ita tana ta jan carbi. Can ta ce, "Ki ci tun da zafi."

Haka Umma take. Lokacin Yaya Sa'adatu ma haka ta yi. Yaya ce 'yar farinta, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Umma ba, sai dai "yayarku" ko "yarinyar nan". Shekara biyu ana zaryar asibiti da ita, har ranar da aka ɗauke ta, idon Umma bai zubar da hawaye a gaban mutane ba. Mata suka yi ta yabon alkunyarta. Ni a lokacin haushi ta ba ni, ban dai faɗa ba.

Ba zan yi maganar Yaya a littafin nan ba.

Umma ta samu sabon wurin zama kuma. Ga baranda, ga falo mai sanyi, amma sai ta sa a kai mata kujera can ƙarshen lambu, gindin gwaiba, inda sauro ya fi yawa. Na ce ta dawo, ta ce iskar can ta fi.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na tambayi Dakta Nabiha abin da ke cina. Na ce tunda an cire mugun, an kuma gane shi, mene ne na damuwa da naman gefe wanda lafiyarsa ƙalau?

Ta ce, "Wa ya ce miki lafiyarsa ƙalau? Ido ne ya ga haka. Kina shuka, Hajiya?"

Na ce akwai lambu a gida, amma Ɗahiru ne ke wahalarsa, ni shan inuwa nake yi.

Ta ce, "To ki tambaye shi. Iri ɗaya, a wata ƙasar ya yi kwance, a wata ya bazu. Ƙari ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Naman da ke kewaye da shi wani sa'in yana tare masa hanya, wani sa'in shi ke ciyar da shi. In muka sa shi a madubin gwaji muna duba ko ciwon ya yi saiwa a ciki, ko ya shiga ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki, ko sojojin jiki sun taru suna faɗa da shi. Mata biyu masu ƙari iri ɗaya, girma ɗaya, sai ki ga hanyarsu ta rabu, kuma sau da yawa alamar tana nan a gefen."

Bayani ya yi kyau. Da a taron bita ne da na tafa mata.

Na ce to in ba a samu robar ba fa?

Ta ce za ta iya komawa ta ƙara yankowa, amma aikin makaho ne, ba ta san iyakar inda ya kai ba. Ta ce idan aka haɗa da abin da ya samu 'yar'uwata, ita da abokan aikinta sun fi natsuwa da a cire gaba ɗaya. Ta ba ni kwana goma in nemo, ta ce ba a barin irin wannan ya daɗe.

Gaba ɗaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da na shiga aikin farko abu ɗaya na roƙa, a bar min shi, kuma ta ce in Allah Ya yarda za a bari.

Talata, 29 ga Yuli, azahar

An fitar da kujerun mota, an zazzage but. An ja durowar ɗakin baƙi, babu komai a baya sai gizo-gizo da wata tsohuwar hular Falalu. Na sa an buɗe kwandon shara na bayan gida, ni da ɗinki a ƙirji ina tsaye ina ba da umarni kamar mai aikin gayya.

'Yata Afrah ta kira daga makaranta. Na ce mata komai lafiya, ta maida hankali kan jarrabawa. Shekararta ashirin. Da na ajiye wayar sai na tuna abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, na shiga banɗaki na kulle.

Umma ba ta fito ba duk wannan hayaniyar. Wai kanta ke ciwo.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na samo nas ɗin da ta miƙa ledar. Ta tuna ni, ta ce ni ce na yi faɗa a kan zanen gado.

Ta ce, "Biyu ne, Hajiya, da hannuna na sa. Har tsohuwar da ke tare da Alhaji ta tambaye ni me ya sa biyu. Na nuna mata, na ce wannan shi ne ciwon, wannan kuma naman gefe ne mai lafiya."

Na ce wace tsohuwa, alhali na sani.

A mota direba ya yi ta ba ni labarin cunkoson hanyar Hotoro. Ban ji ko ɗaya ba. Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, hantsi

Daga tagar ɗakina ina kallon Ɗahiru yana nome ciyawa. Ya bi lambun kaf, da ya zo gindin gwaiba sai ya kewaye. Akwai duwatsu huɗu a wurin da ban san da su ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira shi baranda. Shekara goma sha biyu yana mana aiki, dattijo ne, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya durƙusa, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malam Ɗahiru, mene ne a gindin gwaiba?"

"Ranki ya daɗe, amana aka ba ni."

"A gidan wa?"

Ya ce, "Hajiya Babba ce. Washegarin da aka yi miki aiki, da sassafe. Ta ce in haƙa rami mai zurfi, kamu uku, inda kare ko kyanwa ba za su tona ba. Ta miƙo min ƙunshi a farin ƙyalle. Wallahi ban tambaya ba. Na dai gane abin mutuntawa ne, na yi bisimilla na sa, na rufe."

Na ce ya tafi.

Na kira Dakta Nabiha. Ban ce mata wa ya yi ba, na ce an binne ne bisa kuskure. Ta ce, "In yana cikin robarsa a rufe, da ruwan maganin da muka zuba, ko wata biyu ya yi a ƙasa za a iya dubawa. Ku tono."

Ƙunshi a farin ƙyalle. Roba ma ai ana naɗe ta a ƙyalle. Ana naɗewa mana.

Da Falalu ya dawo masallaci na gaya masa. Na ce ya yafe min maganganun ranar Talata. Ya ce, "Da na buɗe ledar nan da ba a kai nan ba." Na ce haka ne. Ya kamata in ce a'a, amma haka ne ɗin.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan azahar

An tona.

Ƙyalle ne kawai, ya yi baƙi, ya manne da laka. Wata guda ana ruwa a kansa. Ashe Umma ta fitar da naman daga robar, ta wanke, ta sa masa turare, don har yanzu da ɗan ƙamshin a jikin ƙyallen. Ta yi masa sutura yadda ake yi wa mutum.

Ɗahiru ya tambaya ko ya mayar. Na ce ya mayar.

Labulen ɗakinta ya motsa sau ɗaya.

Lahadi, 3 ga Agusta, safe

Ta kawo kunu. Ban sha ba.

Litinin, 4 ga Agusta, safe

Ta kawo kunu. Na gaishe ta, don ba zan ɗauki zunubi a kan zunubi ba. Ban sha ba.

Kwana goma sha huɗu tana kallona ina zagin mutanen asibiti. Tana kallo na ci mutuncin mijina. Tana kallo ana zazzage shara. "Ki ci tun da zafi." Da baƙo ne ya yi min haka da yanzu takarda ta yi nisa. To wa zan kai ƙara? Wadda ta goya ni?

Talata, 5 ga Agusta, la'asar

Falalu ya ce in yi mata magana, tsohuwar ta daina cin abinci. Na ce ni ma na daina. Ya ce, "Ke da ita duk kanwar ja ce." Na ce ya fita min daga ɗaki.

Na tsaya gaban madubi na daɗe. Nonon ba wani abin kallo ba ne, na shayar da 'ya'ya uku da shi. Amma nawa ne.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Na same ta a gindin gwaiba. Na yi niyyar in yi magana a hankali. Niyyar ba ta kai ko'ina ba.

Na ce, "Umma, kin san abin da kika yi min? Saboda abin da kika binne za a yanke min nono gaba ɗaya. Gaba ɗaya, Umma! Wa ya aike ki? Me ya sa ba ki tambaya ba? Ga likita, ga Abban Afrah, ga ni!"

Ban taɓa yi mata tsawa ba tunda ta haife ni. Ɗahiru ya ajiye fartanya ya bar lambun.

Ta ce, "Na tambaya. Yarinyar ta ce ɗaya ciwo ne, ɗaya mai lafiya. Na ce to su riƙe ciwonsu su bincika, ai shi suke nema. Mai lafiyan kuwa naki ne. Naman mutum ba a barinsa a leda."

Na ce to da kika ga ana nema fa, me ya rufe miki baki?

Ta ce, "Tsoro."

Ta ajiye carbin a cinya.

"Yayarku, sau uku aka yanke ta. Kowane karo ina bakin ƙofa, a fito da abu a rufe a wuce da shi ta gabana. Ban taɓa tambaya ina za a kai ba, kada a ce na nuna kulawa a kan 'yar fari. Ranar da za a yi mata wanka na shiga. Na ga abin da ya rage. Shekara tara ina tunanin a wace bola aka zubar min da sauran." Sannan ta ce, "Sa'adatu. A gutsure na mayar wa Allah Sa'adatu. Na ce ke kam ko ƙwaya ba za a zubar min ba."

Shekarata arba'in da shida. Yau na fara jin sunan nan a bakinta, har sau biyu. Ta faɗe shi a hankali kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

Ban rungume ta ba, kada in yi wa littafin nan ƙarya. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar, sauro ya yi ta cizonmu har aka kira magariba. Haushin yana nan. Sai dai yanzu ban san inda zan ajiye shi ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, azahar

Na sa hannu. Alhamis mai zuwa za a cire.

Dakta ta ce, "Wa ya binne?" Na ce wani ne a gida. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce daga yanzu za ta riƙa rubuta adadin robobi a jikin leda da babban baƙi, kuma ta hana nas cewa "mai lafiya". Ihu bayan hari.

Lahadi, 10 ga Agusta, safe

Na sha kunun. Ya yi tsami da yawa, na kuma faɗa mata.

Na gaya wa Afrah komai a waya, ban da gwaiba. Ta yi kuka, na yi mata faɗa, sannan na ce in ta dawo hutu za mu je a duba ta, ba shawara nake ba ta ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Na haɗa jaka. Na ɗauko rigar mama guda biyu, na tsaya da su a hannu kamar wata sakara, na mayar durowa.

Daji. Ciwon daji. Ga shi na rubuta, bai cinye takardar ba.

Talata, 19 ga Agusta, hantsi

An sallamo ni jiya. Hannun hagu ba ya ɗaguwa, akwai robar da ke jan ruwa rataye a gefena. Ban kalli wurin ba tukuna. In nas tana wanki, silin nake kallo, na gane abin da Falalu yake gani a can.

Shi ya ba ni labarin abin da ya faru ina cikin barcin allura. Da nas ta fito da kayan, Umma ta riga shi tashi. Ta ce, "Guda nawa ne?" Aka ce uku. Ta ce a buɗe ta gani. Ta karɓa ta rungume, ta ƙi ba shi, ta ƙi hawa lif, ta taka bene biyu da ƙafafun nan nata har lab. Ta tsaya a kan mai farar rigar nan da na zaga sai da ya rubuta uku, ta sa Falalu ya karanta mata.

Wai sannan ta ce wa mutumin, "Ɗana, ku duba duka, har gefen, kada ku bar ko'ina. In kun gama, abin da ya rage ku ba ni."

Na ce me ya ce mata? Falalu ya ce, ya ce sai an cike takarda. Na yi dariya har ɗinkin ya ja.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan azahar

Sakamako ya fito, cikakke wannan karon, shafi biyu.

Dakta Nabiha tana murmushi tun kafin in zauna. Ta ce, "Alhamdulillahi, Hajiya. An duba naman duka, ba a ga saura ba. Ƙulullutan hammata ma babu komai. Akwai allurai a gaba, za mu tsara, amma wannan labari ne mai daɗi."

Falalu ya yi ta hamdala. Ni ma na yi, da gaske na yi. Sai wannan kan nawa na bin fayil ya ƙi yin shiru.

Na ce, "Dakta, ba saura ko kaɗan? Wato tun aikin farko kin kwashe duka?"

Ta ce da alama.

"Wato da roba ta biyu ta isa lab, da ba a cire ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "Ba mu da hanyar sani a lokacin." Ban ce ta yi ƙarya ba. Amsar ce dai ba ta tambayata ba.

Umma tana kan benci a waje, inda muka bar ta da carbinta. Ta rame, mayafin har ya yi mata yawa. Da ta gan mu ta miƙe, ba ta kalli fuskata ba, ƙirjina ta kalla, ɓangaren da rigar ta faɗa.

Ta ce, "Me suka gani a gefen?"

Falalu ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Na ce, "Sun ce gara da aka cire, Umma. Da an bar shi da an yi da-na-sani."

Ta koma ta zauna a hankali. Ta rufe fuska da mayafi, a nan cikin mutane, kafaɗunta suna rawa. Na tsaya a kanta ina kare ta daga masu wucewa da ɓangaren da ya rage min.

Allah Ya yafe min wannan ƙaryar, don ba ni da niyyar warware ta. Gaskiyar tana nan a littafin nan, shi kuma zan sa masa kwaɗo.

An ce ranar Alhamis za a ba mu abin da ya rage. Na gaya wa Ɗahiru ya haƙa kusa da na farkon, kamu uku.